Atisayen kafaɗa a gida: nauyi kaɗan ya isa

Babu gaɓar da ke juyawa a jikin ɗan Adam kamar kafaɗa, shi ya sa take saurin gocewa. Tsokar da ta lulluɓe ta kashi 3 ce: gaba, gefe da baya. Matasa masu ɗaga ƙarfe a gida sun fi wahalar da na gaba, suna ta tura nauyi sama da kai.

Na gefe sai an ɗaga hannuwa a hankali zuwa daidai kafaɗa. Na baya kuwa, wanda aka fi mantawa, sai an sunkuya, gadon baya a miƙe, an buɗe hannuwa kamar fukafukai. Gorar ruwa mai lita 1.5 a kowane hannu ta ishi mafari, sau 10 zuwa 15. Da an ji zafi mai suka a gaɓar, a dakata.