Yadda Taba Sigari Ke Rage Sinadaran Jini Ga Masu Ciwon Dasashi

Ciwon dasashi yana farawa ne da dattin ƙwayoyin cuta da ke taruwa a gindin haƙora, har dasashin ya kumbura, haƙori ya fara girgiɗi. Idan mai ciwon yana shan taba, lamarin ya fi tsananta.

Hayaƙin taba na ɗauke da gubar da ke cinye bitamin C na cikin jini. Da wannan bitamin ne jiki ke haɗa kolajin, sinadarin da ke ƙarfafa dasashi, ya kuma warkar da rauni. Shi ya sa hukumomin lafiya a Amurka suka ce mashayin taba na buƙatar ƙarin miligiram 35 na bitamin C kullum, bayan 90 na maza da 75 na mata. Sinadarin folet, mai taimakon sabunta naman baki, shi ma yakan yi ƙasa a jininsa.

Nikotin kuma yana matse jijiyoyin jini. Don haka sinadaran abinci ba sa isa dasashi sosai, kuma zubar jinin dasashin kan ragu, sai mutum ya ɗauka lafiyarsa ƙalau alhali ciwon na cin sa.

Lemu, gwaiba, tumatir da zogale suna taimakawa wajen cike giɓin bitamin C, amma ba sa goge ɓarnar hayaƙi. Mai ciwon dasashi ya bar taba, ya je wurin likitan haƙori.