Azara da Dirka: Kalmomin Ginin Gargajiya a Ƙauyukan Tsohon Maiduguri

Tsohon Maiduguri ƙauye ne da ya girmi Yerwa, garin da Shehu Abubakar Garbai ya zauna cikinsa a shekarar 1907. Yanzu birni ya haɗiye shi, amma a ƙauyukan manoma da ke kewaye ana samun ragowar gine-ginen da itace ne ƙashin bayansu. Kanuri ne mafi rinjaye a yankin. Abin da za a duba a nan shi ne kalmomin da Hausa take da su na wannan sana'a.

Ɗakin manomi yakan fara ne daga dirka, wato gungumen itace mai baki biyu da ake kafawa a ƙasa. A kan dirkoki ko bangon laka ake ɗora tsaiko, a ɗaure shi da tanka, sannan a baibaye da ciyawa ya zama jinka.

Soro kuwa, azara ce ke riƙe da shi. Giginya ake faskarawa, an kuma fi son namijinta saboda gara ba ta cika cinsa ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar bango ta wuce kimanin mita 2. Wannan ƙa'ida ita ta tilasta wa magina dabara: su gitta guntayen azara a kusurwoyi, abin da ake kira tauyi, ko kuma su ɗaure azara daki-daki cikin laka har ta lanƙwasa ta zama baka. Daga nan harshe ya samu bakan gizo da ɗaurin guga, harɗaɗɗun sunaye da aka aro daga sararin samaniya da bakin rijiya. Da wuya a sami fassarar da za ta kamo hoton da ke cikinsu.

Shigowar siminti da bulo ta kawo nata kalmomin, har kwano, wanda a da mazubin abinci ne kawai, ya faɗaɗa ma'anarsa zuwa rufin ɗaki. Ambaliyar madatsar Alau ta 1994 da ta Satumbar 2024 sun rusa gidajen laka masu yawa, kuma wanda ya sami hali bulo yake mayarwa. Magini in ya daina aza tauyi, ɗansa ba zai ji sunan ba, balle jikansa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana da dama daga cikin kalmomin, amma yadda ake furta su da sarrafa su a Hausar Borno yana bakin tsofaffin magina ne kaɗai.