Le Bourget: jiragen yaƙin da suka yi shawagi a kan Sahel, yau suna tsaye rana na dukan su

A arewa maso gabashin birnin Paris, a tsohon filin jirgin sama na Le Bourget, akwai babban gidan tarihin jiragen sama na Faransa, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasar. Cikin jiragen da aka jera a filinsa akwai irin waɗanda mutanen Yamai, Agadas da Njamena suka sha jin ƙararsu a bisa kawunansu. Yanzu sun yi shiru, fentinsu ya koɗe, tayoyinsu sun fara tsagewa. Ga abin da mai ziyara zai tarar a wurin, da dalilin da ya sa adana tsohon jirgi ke da wuya fiye da yadda ake zato.

Wane irin wuri ne?

An kafa gidan tarihin a shekarar 1919, jim kaɗan bayan yaƙin duniya na farko, bisa shawarar wani injiniya mai suna Albert Caquot. An daɗe ana ajiye kayansa a Chalais-Meudon, kafin a soma kwaso su zuwa Le Bourget a shekarun 1970, lokacin da jiragen fasinja ke ƙaura zuwa sabon filin Roissy. Shi kansa wurin tarihi ne: nan Ba'amurke Charles Lindbergh ya sauka ranar 21 ga Mayu 1927, bayan ya tsallako tekun Atlantika shi kaɗai daga New York. Babban ginin da ke karɓar baƙi a yau, tsohuwar tashar fasinjoji ce da aka buɗe a 1937.

Gidan yana da ɗaruruwan jirage, amma sama da 100 kawai ake nuna wa jama'a. Sauran suna ajiye a rumfunan Dugny, ɗaya gefen filin. Waɗanda ake nunawa sun kasu gida biyu. A cikin rumfuna akwai na yaƙin duniya na farko, waɗanda aka yi da katako da ƙyalle, kamar SPAD VII na shahararren matuƙin nan Georges Guynemer, da na yaƙin duniya na biyu irin su Spitfire na Ingila, Mustang na Amurka da Yak-3 na Rasha. A waje kuwa, kan shimfiɗar kankare, an bar manyan da rumfa ba ta ɗaukar su, tare da wasu jiragen yaƙi na baya-bayan nan. A nan ne labarin ya fi shafar yankinmu.

Jirage uku da suka san Afirka

Na farko shi ne Transall, ƙaton jirgin dakon soja mai farfela biyu da Faransa da Jamus suka ƙera tare, wanda ya fara tashi a 1963. Wanda ke Le Bourget yana ɗauke da suna "Ville de Kolwezi", saboda yana cikin jiragen da aka yi aiki da su a watan Mayu 1978, lokacin da Faransa ta sauke sojojin laima a garin Kolwezi na ƙasar Zayar, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Dimukuraɗiyyar Kwango. Mazauna kusa da filin jirgin Yamai sun san wannan samfurin sarai. A zamanin rundunar Barkhane, ire-irensa ne ke jigilar sojoji da kaya daga Yamai zuwa Gao da Madama, domin jirgi ne da ke iya sauka a kan jar ƙasa ba tare da kwalta ba. Faransa ta yi masa ritaya a 2022.

Na biyu shi ne Jaguar, jirgin kai farmaki da Faransa da Ingila suka haɗa hannu suka ƙera, wanda sojojin saman Faransa suka yi aiki da shi daga 1973 zuwa 2005. An yi amfani da shi a Muritaniya a 1977, sannan a Cadi sau da dama. Ranar 16 ga Fabrairu 1986, jiragen Jaguar da suka taso daga Bangi suka yi ruwan bama-bamai kan titin jirgin da Libiya ta gina a Wadi Dum, arewacin Cadi. Wanda aka ajiye a gidan tarihin, mai lamba A91, raunin da ke jikinsa daga wani yaƙin ya samo shi: makami mai linzami ya same shi ranar 17 ga Janairu 1991, a harin da aka kai sansanin Al Jaber na Kuwaiti. Matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a Saudiyya, kuma tun daga ranar bai sake tashi ba.

Na uku ba na soja ba ne, kuma yana cikin rumfa. Shi ne Concorde na farko, mai lamba 001. Ranar 30 ga Yuni 1973, aka cika shi da masana taurari, ya tashi daga tsibiran Kanari ya bi inuwar husufin rana a saman Sahara, ta Muritaniya, Mali da Nijar, da gudun da ya ninka na sauti sau biyu. Masanan sun shafe minti 74 suna kallon rana a rufe ruf, alhali wanda ke ƙasa bai samu fiye da minti 7 da ɗoriya ba. Daga nan jirgin ya sauka a Fort-Lamy, birnin da aka sake wa suna Njamena a wannan shekarar. Tagogin da aka huda a rufinsa domin aikin suna nan har yau.

Me ke cin jirgi idan ya daina tashi?

Jirgin da ke aiki kullum makanikai na kansa: ana wanke shi, ana shafa mai, ana canza abin da ya gaji. Ranar da aka ajiye shi, wannan kulawa ta ragu, sai yanayi ya karɓi aiki.

Babban abokin gaba shi ne ruwa. Jikin yawancin waɗannan jirage an yi shi ne da sanholo, wato alminiyom, wanda aka gauraya da wasu ƙarafa don ya yi ƙarfi. Sanholo ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Fari yake yi, ya riƙa zubowa kamar gari. Ruwan sama na shiga ta mahaɗar faranti da bakin ƙusoshi, ya kwanta a cikin fiffike ko ƙasan cikin jirgi, inda ido ba ya kaiwa. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin danshi, ɗaya na cin ɗaya. Shi ya sa jirgi kan iya yin kyau daga nesa, alhali ƙashin bayansa ya ruɓe.

Rana kuma na nata aikin. Tana ƙona fenti har ya zama kamar alli, ta sa gilashin robar ɗakin matuƙi ya yi hazo ya tsattsage, ta busar da tayoyi da robobin da ke toshe ƙofofi. Tsuntsaye na saƙa sheƙa a bakin inji, kashinsu kuwa yana da guba ga ƙarfe.

Dillalan mota na Maraɗi da Damagaram sun san wannan bambanci ba tare da an karanta masu ba: motar da ta daɗe a bakin teku a Kwatano, ƙasanta ake fara dubawa, wadda ta tsufa a Agadas kuwa fenti da roba ne suka fi shan wuya. Dalilin ke nan Amurka ta zaɓi hamadar Arizona, a sansanin Davis-Monthan kusa da Tucson, ta jibge dubban tsofaffin jiragen sojanta: ruwan sama kaɗan ne, iska busasshiya, ƙasa kuma da tauri. Paris ba ta da wannan gata, don kusan kowane wata ana ruwa.

Rumfa ma ba ta hana kowace irin hasara. Ranar 17 ga Mayu 1990, gobara ta tashi a ma'ajiyar Dugny ta cinye gomman jirage, cikinsu har da waɗanda ba su da na biyu.

A sake fenti ko a bar tabo?

Kafin jirgin yaƙi ya zo gaban jama'a, ana zuƙe mansa, a cire duk wani abin fashewa, har da wanda ke harba kujerar matuƙi idan an shiga haɗari. Bama-baman da ake gani rataye a fiffike fanko ne. Bayan haka sai wata tambaya ta taso, wadda masu kula da gidajen tarihi suka daɗe suna muhawara a kai. Idan aka kankare tsohon fenti aka shafa sabo, jirgi zai ƙara kwana, zai kuma burge ƴan makaranta, amma an goge shaida: rubutun makanikai, alamomin rundunar, gurbin harsashi. Idan aka bar shi yadda yake a waje, shaidar na nan, sai dai tana narkewa sannu a hankali. A kan Jaguar A91, an zaɓi a bar raunin a fili.

Abin da ya rage ga Nijar

Allon da ake kafawa gaban jirgi a irin waɗannan gidaje yakan ba da gudu, nauyi, shekarar ƙira da sunan runduna. Ba kasafai yake ba da labarin mutanen da jirgin ya bi ta kansu ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda kowace ƙasa daga inda take tsaye take ba da tarihinta. Sojojin Faransa na ƙarshe sun bar Nijar ranar 22 ga Disamba 2023, amma wani yanki na tarihin sararin samaniyar Sahel yana ajiye a bakin Paris, da bayani cikin harshen masu shi.

Nijar ma tana da nata tarihin. Tun farkon shekarun 1960 take da rundunar sama, wadda ta yi aiki da Dakota, da Noratlas, sannan da C-130 daga ƙarshen shekarun 1970. Matuƙa da makanikan da suka riƙe waɗannan jirage suna tsufa, kuma jirgin da aka yasar a gefen fili, in bai samu mai kula ba, ƙarshensa hannun ƴan gwangwan da masu narka tukwane. Ƙasar ta taɓa nuna cewa ta san darajar irin wannan ajiya: da mota ta kaɗe Bishiyar Tenere a 1973, an ɗauko gangar jikinta zuwa gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda yau ke ɗauke da sunan Boubou Hama, aka gina mata rumfa. Tsohon jirgi ma abin da yake buƙata ke nan: inuwa, mai gadi, da wanda zai rubuta labarinsa tun masu ba da shi suna raye.

Ga wanda hanya ta kai shi Paris, ana zuwa gidan tarihin da jirgin ƙasa na RER B zuwa tashar Le Bourget, daga nan a hau bas mai lamba 152. Ana rufe shi ranar Litinin.