Girman Wili Ba Shi Ne Gudun Mota Ba

A 'yan shekarun nan wani yayi ya shigo tsakanin samari masu abin hannu a Kano da Kaduna da Abuja, har ma da Ikko. Da zarar mutum ya sayi irin ƙananan motocin nan masu ƙofa biyu da ake ce wa motocin tsere, tun bai canja baƙin mai ba, sai ya nufi Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko kasuwar Ladipo neman manyan wili masu sheƙi da taya mai siririn gefe. Kyau kam akwai shi. Amma da yawa daga cikinsu ba sa rufa wata uku sai an gan su a gaban mai faci, taya ta yi ƙulu a gefe, ko kuwa wili ya lanƙwashe, alhali kuɗin da aka zuba ya isa a yi wa motar hidimar shekara.

Domin a gane inda gizo yake saƙa, ya kamata a ɗauki mota guda a yi misali da ita. Toyota 86, wadda kamfanin Toyota da na Subaru suka haɗa gwiwa suka fitar a 2012, ta dace da wannan. Subaru na sayar da tasa da sunan BRZ, a Amurka kuma an sayar da ita da sunan Scion FR-S har zuwa 2016. Injinta lita 2 ne, mai ƙarfin doki wajen 200, kuma tayoyin baya ne suke tura ta. Wilin da aka fi saninta da shi inci 17 ne, faɗinsa inci 7, tayar kuwa 215/45R17.

Waɗannan lambobi da ke jikin taya ba ado ba ne. Lamba ta farko, 215, faɗin tayar ce a milimita. Ta biyu, 45, tana nufin tsawon gefen tayar kashi 45 ne cikin ɗari na faɗin, watau wajen milimita 97. Ta ƙarshe girman wili ne a inci. Idan aka haɗa wili da gefen sama da na ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya milimita 625 ne, kuma a kan wannan tsayi injiniyoyi suka gina lissafin giya da mitar gudu da na'urar hana birki cijewa. Saboda haka duk wanda zai canja wili, abin da ya wajaba ya riƙe shi ne wannan tsayi kada ya kauce da fiye da kashi 2 ko 3 cikin ɗari.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Taya 215/40R18 tsayinta milimita 629 ne, kusan daidai da na asali, kuma ita Toyota ta sa wa babban samfurin GR86 da ya gaje ta a 2021. Taya 225/40R18 ta kai 637, har yanzu ba a fita gona ba. Amma wanda ya ɗauko wili mai inci 20 da taya 245/35R20 ya kai kusan 680, ƙarin kusan kashi 9 ke nan. Mita za ta nuna masa kilomita 100 alhali yana kan 109, motar za ta yi nauyin tashi, tayar kuma za ta riƙa gogar jikin motar a kowace kwana.

To, tun da tsayi ba ya canjawa, duk incin da aka ƙara wa wili daga gefen taya ake cire shi. A nan ne maganar ta shafi Nijeriya fiye da ƙasashen da ake ƙera motocin. Gefen taya shi ne matashin farko da ke karɓar duka kafin ya isa ga wili da shokozoba. Mai inci 17 yana da milimita 97 tsakaninsa da bakin rami. Mai inci 19 da taya 225/35 ya rage masa 79 kacal. A kan titi mai santsi ba a jin bambancin sosai, sai dai sitiyari ya ɗan ƙara kaifi. Amma a hanyar da damina ta cinye, inda rami ke ɓoye cikin ruwa, bakin kwalta yakan matse gefen tayar a jikin wili har zaren ciki ya tsinke. Wannan shi ne ƙulun da ake gani, kuma ba ya facuwa. Tayar da ta yi ƙulu ta gama aiki, ko da jiya aka saye ta.

Akwai kuma batun nauyi. A 2010 mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wata Volkswagen Golf da wili daga inci 15 har zuwa 19, ta tarar babban ya ƙara shan mai da wajen kashi 10 cikin ɗari, ya kuma rage mata hanzarin tashi. Dalili kuwa a fili yake: nauyin da ke ƙafa inji ne zai juya shi, birki ne zai tsayar da shi, shokozoba kuma ita za ta danne shi a duk gargada. Mota mai ƙarfin doki 200 ba ta da rarar da za ta yi kyauta da ita. Ba da gangan ba ne ma a ce kamfani ya yi rowa, domin da saninsu suka sa mata taya matsakaiciya, irin Michelin Primacy ɗin da ake sa wa wasu Prius, don direba ya riƙa jin motsin bayan motar tun gudu bai yi yawa ba.

Wanda yake son ƙarin riƙon ƙasa, masu kai wannan mota filin tsere sun daɗe da nuna hanya: sukan bar inci 17 yadda yake, su ƙara faɗi. Wili mai faɗin inci 9 da taya 245/40R17 tsayinsa milimita 628 ne, gefen kuma 98, watau bai rasa komai na kariyarsa ba. Sai dai faɗi yana zuwa da nasa sharaɗi, wanda shi ne dillalai suka fi yin shiru a kansa.

A bayan kowane wili akwai lamba da ake rubutawa bayan haruffan ET. Ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin wili da fuskar da ke manne wa ƙafar mota. Na Toyota 86 ita ce 48. Duk sa'ad da lambar ta ragu, wili yana fitowa waje. Idan aka sa mai faɗin inci 9 da lamba 35, bakinsa na waje zai fito da milimita 38, na ciki kuma ya matsa da 12 wajen shokozoba. Wannan ya riga ya kai iyaka, har yakan bukaci a gyara karkatar ƙafar. Wanda ya zarce haka, taya za ta riƙa cin gefen bodi idan an ɗauki mutum biyu, boris zai mutu da wuri, sitiyari kuma ya riƙa bin duk wata tsaga da ke kan titi.

Sai ramukan noti. Biyar ne a wannan mota, a kan da'irar milimita 100. Na Camry da Accord ma biyar ne, amma a kan 114.3, don haka ba sa shiga, kuma bakaniken da ya ce zai faɗaɗa ramin da injin huda ƙarfe, wasa yake da ran mutane. Wilin Corolla na Amurka daga 2003 ramukansa sun dace, amma ramin tsakiyarsa 54.1 ne, ita kuwa 86 tana bukatar 56.1. Wilin kasuwa galibi ramin tsakiyarsa ya fi haka faɗi, sai an sa masa zobe ya cike gurbin, in ba haka ba sitiyari ya kama rawa da an haura kilomita 100. Hatta notin ma zarensa na Subaru ne, ba irin na sauran Toyota ba, kuma wanda ya tilasta noti na daban ya cinye zaren.

Ita tayar kanta sai an duba ta da kyau. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, galibin tayoyin mota daga waje ake kawo su, kuma irin masu siririn gefen nan sun fi yawa a cikin gwanjo. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Michelin na ba da shawarar a riƙa bincika taya kowace shekara bayan ta yi biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma, komai kyan zanenta. A tayar asali an rubuta 87W, ma'ana kowace tana ɗaukar kilo 545, tana kuma jure gudun kilomita 270. Ba a sauka ƙasa da lambar nauyin nan, balle a ƙasar da kwalta ke ɗaukar zafi kamar tanda a watan Afrilu.

Bayan an ɗaura, a ɗaure noti da sifanar awo, ba da tsallen yaron shago a kan bututu ba. A sa iska gwargwadon takardar da ke jikin ƙofar direba, 35 ke nan a tayar asali, a kai motar a daidaita mata ƙafafu, sa'an nan a koma a sake duba notin bayan tafiyar kilomita 100.