Daga Kurush Zuwa Cyrus: Yadda Sunan Sarkin Farisa Ya Shiga Turanci

Ɗalibanmu da ke karatun tarihi da Turanci sukan ci karo da sunan Cyrus, wanda ake furtawa Sairas, sannan su ga Kurush a littattafan Larabci, su ɗauka sarakuna biyu ne. Alhali mutum ɗaya ne: sarkin da ya kafa daular Farisa, ya ci Babila da yaƙi a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu wajen shekara ta 530. Kabarinsa yana nan a Fasargada, cikin ƙasar Iran ta yau.

A tsohon harshen Farisa sunansa Kurush. Girkawa ba su da sautin "sh" a harshensu, sai suka rubuta shi Kuros. Da sunan ya shiga Latinanci aka rubuta shi Cyrus, domin a wancan zamani harafin C yana ba da sautin K ne. Daga baya lafazin harafin ya sauya a Turai, ya koma S idan ya zo kafin e, i ko y. Su kuma Ingilishi, wasulansu masu tsawo sun sauya tun daga wajen ƙarni na 15, "ii" ya koma "ai". Ta haka rubutu ya tsaya cik, lafazi ya yi gaba, har Kurush ya zama Sairas.

Me ya sa Turawa suke raɗa wa 'ya'yansu sunan sarkin da ba nasu ba? Babban dalili shi ne matsayinsa a Baibul. Littafin Ezra ya kawo cewa shi ne ya ba Bani Isra'ila izinin komawa Ƙudus daga zaman bauta a Babila, littafin Ishaya kuma ya yabe shi. Da aka fassara Baibul zuwa Turanci, musamman fassarar Sarki James ta 1611, Kiristoci masu bin ɗariƙar Furotesta suka rungumi sunayen Tsohon Alkawari, Cyrus ya shiga cikinsu. Masu ilimi kuma sun san shi ta littafin da Bagirke Zenofon ya rubuta kan tarbiyyarsa.

Sunan ya samu karɓuwa a Amurka. Akwai Cyrus McCormick, wanda ya shahara da injin girbin alkama, da Cyrus Field, jagoran shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1858. Akwai kuma Cyrus Vance, sakataren harkokin wajen Amurka, wanda ya ajiye aiki a 1980 saboda bai yarda da yunƙurin amfani da soja wajen kuɓutar da Amurkawan da aka tsare a Tehran ba.

Inda zancen ya shafe mu kai tsaye shi ne tafsirin Suratul Kahfi, aya ta 83 zuwa 98. Maulana Abul Kalam Azad na Indiya ya rinjayar da cewa Zulƙarnaini shi ne Kurush, Maududi da Ɗabaɗaba'i ma suka karkata ga haka. Daga cikin hujjojinsu akwai faɗin mulkinsa gabas da yamma, da adalcin da aka shaide shi da shi, da rago mai ƙaho biyu da littafin Daniyel ya fassara da sarakunan Madiya da Farisa. Sai dai Alƙur'ani bai ambaci sunansa na yanka ba. Ibn Kasir yana ganin Zulƙarnaini ya rayu ne a zamanin Annabi Ibrahim (AS). Bugu da ƙari, rubutun yumɓun da aka tono a Babila a 1879, wanda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ya nuna Kurush yana girmama Marduk, gunkin Babilawa. Saboda haka wannan ra'ayi ijtihadi ne, bai kamata mu koyar da shi a matsayin yankakken hukunci ba.

Haka nan kada mu haɗa shi da Kisra. Kisran da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa ta hannun Abdullahi bn Huzafa (RA) shi ne Khusrau na biyu, na daular Sasaniyawa, kuma tsakaninsa da Kurush akwai fiye da shekara 1,100.

Nasiharmu ga ɗalibai ita ce, duk sunan da suka gani da Turanci su bi sawunsa zuwa harshensa na asali kafin su gina hukunci a kai. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da tambaya kan Cyrus, mu faɗa masa abin da tarihi ya tabbatar, mu ware masa abin da malamai suka yi saɓani a kai. Allah ne mafi sani.