Garara da Gadon Uwa

A ƙasar Ɗanbatta, kamar sauran ƙasar Kano, Bahaushe ya rarrabe ciwon ido da sunaye. Akwai yana, akwai hakiya, akwai kuma dundumi, watau rashin gani idan duhu ya yi. Amma kalmar da ta fi jan hankalin mai nazari ita ce garara: ido a buɗe, fes, babu tabo, mai shi kuwa ba ya gani. Kalmar ta nuna cewa magabata sun lura ana iya rasa gani alhali ƙwayar ido lafiyarta lau.

Dalili shi ne ido kafa ce kawai. Haske kan faɗa a kan wani tantani da ke can bayan ƙwayar ido. Daga nan jijiyar gani, mai ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, ta kwashi saƙon. Jijiyoyin idanu biyu kan haɗu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wajen rabin zaruruwan su tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren, sa'an nan saƙon ya isa ƙeya. Ashe a ƙeya mutum yake gani!

Abubuwa da dama kan katse wannan hanya, ciki har da wata cuta ta gado wadda likitan ido Bajamushe, Theodor Leber, ya bayyana a 1871. Yawanci samari take kamawa, tsakanin shekara 15 zuwa 35. Tsakiyar ganin ido ɗaya ya dushe, babu zafi, cikin makonni ko 'yan watanni ɗayan ya biyo baya. Gefen gani kan saura, saboda haka saurayi ya iya bin hanyar gona amma ya kasa karatu ko shaida fuska, har a zarge shi da ƙarya.

A 1988 Douglas Wallace da abokan aikinsa a Amurka suka gano tushenta a cikin mitokondiriya, 'yan murhun da ke ba ƙwayoyin jiki ƙarfi. Ta wajen uwa kaɗai ake gadonsu. Uba, ko ya makance, ba ya ba 'ya'yansa cutar, kuma auren zumunci ba shi ne sanadinta ba. Mu kuwa ta wajen uba muke ƙirga asali, don haka idan likita a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano ya tambayi tarihin dangi, sai a lissafa masa baffanni a mance da kawunnai, alhali su ne ya fi bukatar ji. Yawancin masu ɗauke da gadon ba sa makancewa, sai dai shan taba kan ƙara haɗarin.