Sauya wa Littafi Gida: Daga Kwamfuta Zuwa Waya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyayen yara, sau da yawa mutum zai kai wayarsa wurin masu ɗora karatu a kasuwar Sheme ko Funtua, a tura masa littafi, ya koma gida littafin ya ƙi buɗewa. To, ga dalili.

Littafin kwamfuta yakan haɗa abu uku: rubutu, da murya, da mahaɗi, wato wurin da za ka taɓa aya sai ya kai ka tafsirinta. Kowace na'ura kuma da harshen da take ji. Misali, Maktabatus Shamila tun asali don Windows aka yi ta, sunayen tsofaffin littattafanta suna ƙarewa da "bok". Wayar Android ba ta san wannan tsari ba, sai an sa mata manhajar da ta san shi, ko a juya littafin zuwa EPUB ko PDF.

Amma juyawa kamar awon gero ne, sai an kula kada ya zube. Mahaɗi yakan yanke, muryar mai karatu takan rabu da ayarta, lambar shafi takan canza.

Mafi hatsari shi ne ɗigo. A rubutunmu na allo, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. A rubutun Gabas kuwa, fa ce mai ɗaya a sama, ƙaf biyu. Idan waya ta sauya salon haruffa, yaro zai ga "fasa" da ajami ya karanta "ƙasa". A boko ma lanƙwasa takan faɗi, "ƙafa" ta koma "kafa". Ina ga aya kuma?

Alhamdu lillahi, akwai magani. Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a duniya, ya shigar da fa da ƙaf da nun irin namu na Afirka a shekarar 2016. Akwai kuma salon haruffa mai suna Alkalami, wanda SIL ta tsara bisa rubutun Kano.

Don haka ku riƙe huɗu. Kada a goge na asali. Ajami a mai da shi PDF tare da haruffansa, don ya riƙe kamanninsa. Murya a mai da ita MP3, kusan kowace waya tana jin sa. Sannan kafin a raba wa jama'a, a buɗe a wayar, a gwada shi da bugun takarda a gaban malami, shafi bayan shafi, kamar yadda ake duba allo kafin a biya.

Ilimi amana ne. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, amin.